Cyprian Ekwensi: Marubucin Labaran Matasa Haifaffen Minna

Marigayi Cyprian Odiatu Duaka Ekwensi yana daga cikin marubutan Nijeriya na farko da suka mai da hankali wajen rubuta wa yara da matasa littattafan ƙagaggun labarai cikin harshen Ingilishi. An haife shi ran 26 ga Satumba, 1921, a garin Minna, wanda a yau shi ne babban birnin Jihar Neja. Iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne daga Nkwelle Ezunaka ta Jihar Anambra, kuma mahaifinsa maharbin giwaye ne da ya iya ba da labari. Da yake a Arewa ya buɗe ido, ya tashi yana jin Hausa.

Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Ibadan da Kwalejin Achimota ta ƙasar Gana, sa'an nan ya shiga makarantar koyon aikin gandun daji, ya yi wajen shekara 2 yana malamin daji. Daga baya ya koyi aikin haɗa magunguna a Legas da kuma Landan. Ya yi aiki a gidan rediyon Nijeriya, ya kuma riƙe muƙamin Daraktan Watsa Labarai na Tarayya daga 1961 zuwa 1966. Lokacin Yaƙin Basasa ya koma Gabas, inda ya shugabanci ofishin watsa labaran Biyafara zuwa ƙasashen waje.

A ƙasashen waje an fi saninsa da People of the City (1954) da Jagua Nana (1961), waɗanda ke magana a kan zaman birni. Amma mu a nan Arewa, littattafan da aka karanta a makarantunmu su suka sa muka san shi. The Passport of Mallam Ilia, wanda ya fito a 1960, labari ne na wani dattijo da ke ba wani saurayi tarihinsa a cikin jirgin ƙasa: yadda ya sami matarsa Zarah a wasan shanci, yadda abokin gabarsa Usuman ya zama sanadin mutuwarta, da yadda ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman fansa har ƙasar Makka. Burning Grass (1962) kuwa labarin wani Bafulatani ne makiyayi, Mai Sunsaye, wanda ciwon yawo da ake kira sokugo ya raba shi da iyalinsa. Shi ne littafi na 2 a jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann. A ganinmu wannan ya fi sauran armashi, domin wanda ya san ruga da ƙunar daji a farkon rani zai gane cewa marubucin ya ga abin da idonsa. Ga ɗalibai da yawa na Kudu, a waɗannan littattafai suka fara gamuwa da Bahaushe da Bafulatani.

Akwai kuma batun An African Night's Entertainment (1962), wanda bai kamata mu tsallake ba. Duk wanda ya karanta Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya riga shi fitowa da kusan shekara 30, zai tarar da labari guda: attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu, shi kuma ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗansu Kyauta. Hatta sunayen ba su sauya sosai ba. Masanin Hausa Neil Skinner ya kwatanta littattafan biyu a wata maƙala a 1973. Saboda haka muna ba malaman makaranta da masu kula da ɗakunan karatu na ƙananan hukumomi shawarar su ajiye su tare, don ɗalibi ya san cewa labarin ya fara fitowa a rubuce ne da Hausa.

Sauran littattafansa na matasa sun haɗa da The Drummer Boy (1960), da Juju Rock da Trouble in Form Six (1966). Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta MFR a 2001. Ya rasu a Inugu ran 4 ga Nuwamba, 2007, yana da shekara 86.