KAFIN A ƊAURA SIRDI

Na san wata in ta ga kan wannan magana za ta ce, to mu ina ruwanmu da zancen doki, ai wannan harkar maza ce. Ki yi haƙuri ki saurare ni, domin duk gidan da aka turke doki, namiji ne ke hawa, amma sau da yawa mace ce ke jiƙa dusa, ita ke tuna a ba shi ruwa, kuma in doki ya kayar da yaro ita ce za ta kwana a gefen gadon asibiti.

Aure ne ya kawo ni Zuru. Wata shekara ana saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, da yamma ina tankaɗe sai na ji hayaniyar yara a ƙofar gida, ina leƙawa sai ga maigida riƙe da ragama yana murmushi, yana jan wani doki a baya. Wallahi da na gan shi sai da gabana ya faɗi. Haƙarƙarinsa ana ƙirgawa daga nesa, ƙashin ƙugunsa ya fito kamar a rataya buta, gashinsa ya yi cirko-cirko, idonsa kuma ya faɗa. Ashe wani bawan Allah ne 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyensu, ya shigo gari ba shi da abin ciyar da iyali balle dabba, shi ne ya sayar da shi da araha.

Maigida ya ce da ni, "Kin ga rabo ko? Wannan in an yi masa ado, yaron nan ya hau ranar Sallah, sai an yi kallo." Yaron nan kuwa ɗanmu ne na fari, lokacin bai wuce shekara goma sha biyu ba, har ya fara tsalle yana kiran abokansa. Ni dai ban ce uffan ba, domin ba a tare namiji da gardama a gaban yara. Amma surukata da ke zaune kan tabarma ta dubi dokin ta dubi ɗanta, ta ce, "Araha ba ta ado. Jeka ka kira Baba ya gan shi tukuna."

Baban da take nufi wani dattijo ne a unguwarmu wanda ya tashi a barga tun yana yaro. Abin da na ji daga bakinsa a daren nan shi ya sa na shiga tambaya da karance-karance, har na gane cewa wannan gardama ta a hau ko a bari tsohuwa ce ƙwarai, kuma tarihi ya riga ya yanke hukunci a kanta.

Mu fara da nan gida. Ƙasar Zuru ƙasa ce ta duwatsu. Masarautar ta ƙunshi Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, ta kasance cikin Jihar Sakkwato daga 1976, sannan ta koma Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991. Mafi yawan mutanenta su ne waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, su kuwa Lelna suke kiran kansu. A zamanin da, doki ba abin kwalliya ba ne a wurinsu, abin tsoro ne, domin a kansa mahara ke zuwa. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Kwantagora wajen 1864, ya rasu a 1876, kuma shi da ɗansa Ibrahim sun yi ta kai hare-hare kan Kambari da Dukawa da Gwari da Dakarkari suna kama bayi, har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kwantagora. Abin da ya taimaki mutanen wannan yanki shi ne dutse, domin inda mai baka da kibiya zai haye da ƙafa, doki ba ya iya binsa.

To amma ki lura da wani abu. Su waɗannan masu dawaki, duk ƙarfinsu da zafin ransu, ba su fita yaƙi ko yaushe suka ga dama. Yawanci sai rani suke jira, bayan an yi girbi, hatsi ya shiga rumbu, rafuka sun janye, dawaki sun ƙoshi. Kafin nan doki yana turke ana yanko masa ciyawa, ana ba shi dawa da dusa da kanwa. A fadojin Hausa har sarauta guda aka yi domin wannan aiki, wato Shamaki, mai kula da barga. Me ya sa? Domin sun san nauyin da za su ɗora masa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Ki haɗa nauyin lifidi da na sirdi da na ƙato mai sulke, ki ce wane ramammen doki ne zai ɗauka? Barde ya san in dokinsa ya durƙushe a fagen fama, kansa ne a ƙasa. Saboda haka ciyar da doki a wurinsu ba tausayi kaɗai ba ne, tsaron rai ne.

Ga kuma ciwo. Duk inda aka gangara kudu ana samun ƙudan tsando a bakin rafuka da kurmi, shi ke sa wa dabba sammore, ta yi ta ramewa ko da tana ci, har ta mutu. Shi ya sa sarakunan Oyo na ƙasar Yarbawa, da yake da dawaki suka yi ƙarfi, kullum sai sun sayo sababbi daga arewa. Masu dawakin da sun san cewa rama ba yunwa kaɗai ke kawo ta ba, kuma dokin da ya canza ƙasa da ruwa da abinci sai an ba shi lokaci ya saba.

Waɗanda suka ƙi jira fa, yaya suka ƙare? A daidai shekarun da Turawan Ingila ke cin ƙasarmu, suna can suna wani yaƙi a Afirka ta Kudu da wasu Turawa manoma da ake kira Bowa, daga 1899 zuwa 1902. Da suka ga suna bukatar dawaki sai suka shiga saye daga Ajantina da Ostireliya da Amurka da Kanada da Hangari, ana lodo su cikin jiragen ruwa. Doki zai yi makonni a tsaye cikin jirgi, ga zafi ga cunkoso, ya sauka a rame ƙafafu na rawa. Maimakon a turke shi ya murmure, sai a ɗaura masa sirdi, a ɗora soja da bindiga da kayansa, a kora shi daji. Kin san abin da ya biyo baya? Dawaki fiye da 300,000 suka mutu a hannun sojan Ingila a wannan yaƙi, kuma mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba, gajiya ce da yunwa da ciwo. Abin ya taɓa zukatan mutane har a 1905 aka kafa wani mutum-mutumi a birnin Fot Elizabet, na soja durƙushe yana shayar da dokinsa ruwa a bokiti. Daula guda mai kuɗi da likitoci ta tafka wannan asara saboda gaggawa, to ina ga maigidana mai doki ɗaya tilo?

Mu kuma tun kafin wannan an riga an yi mana gargaɗi. A cikin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Sahlu ɗan Hanzaliyya, Manzon Allah (S.A.W) ya wuce wani raƙumi da yunwa ta sa cikinsa ya manne da bayansa, sai ya yi horo da a ji tsoron Allah game da dabbobin da ba su da bakin magana, kuma kada a hau su sai suna cikin kyakkyawan hali.

Yanzu mu koma ga Baba. Da ya zo bai ce komai ba, sai ya shafa gadon bayan dokin, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga fatar idonsa, ya dubi kashinsa. Sannan ya kamo hannun maigida ya ɗora a kan ƙashin bayan, ya ce, "Ɗana, me ka ji?" Maigida ya ce, "Ƙashi ne, Baba." Ya ce, "To sirdi ba a kan ƙashi yake zama ba, a kan nama yake zama. In ka ɗaura masa yau, kafin ku dawo daga idi ya yi miki, mikin bayan doki kuwa sai ya ci watanni bai warke ba. Kuma dokin da ba ƙarfi a ƙafarsa tuntuɓe yake yi. Ɗan wa za ka ɗora?" Nan jikin maigida ya yi sanyi.

Amma sai ya koma wata dabarar, ya ce to bari ya auno dawa kwano biyar a zuba masa, kwana goma sha biyu ai ya isa ya ciko. Baba ya ce, "Ashe kashe shi kake son yi. Ba a fafe gora ranar tafiya." Daga baya da malamin dabbobi ya zo, maganarsu ta zo ɗaya. Dabbar da ta daɗe cikin yunwa in aka cika mata ciki da hatsi lokaci guda, jininta ne ke rikicewa, zuciya ta kasa, sai a wayi gari ta mutu cikin kwanakin farko, mai ita yana cewa ai ci take yi. Ga shi tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya iya amai.

Ga yadda aka koya mana, ki riƙe ko don wata rana. Kwana ukun farko harawa ce kaɗan-kaɗan duk bayan awa huɗu, da ruwa mai tsabta a gabansa kullum. Daga nan a riƙa ƙarawa sannu a hankali har kwana goma, hatsi kuwa sai can gaba, shi ma da ɗan kaɗan za a fara. A kira malamin dabbobi ya duba tsutsar ciki da haƙora da sammore, kada a sayo magani a kasuwa a ɗura masa da ka. Lafiyayyen doki yana cin kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, wato mai kilo 300 zai ci kilo 6, ya sha ruwa jarka guda ko fiye in ana zafi. Abin da zai ɗauka kuwa, mahayi da sirdi gaba ɗaya, kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. A 1983 wani masani a Amurka mai suna Don Henneke ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 9, inda 1 ke nufin fata da ƙashi, 9 kuma ƙiba ta yi yawa. Daidai shi ne 5, wato ba a ganin haƙarƙari da ido amma ana jin sa da hannu. Abin dariya, wannan shi ne dai abin da Baba ya yi da tafin hannunsa, shi da bai taɓa shiga aji ba. Dokin da ya rame sosai kuwa yakan ɗauki wata uku zuwa biyar kafin ya dawo.

Ranar Sallah ta zo, ɗana ya sa sabon kaya ya zauna a gindin turke yana hawaye, abokansa na yi masa dariya wai an saya masa kwarangwal. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma sai da zuciyata ta karye, har na kusa cewa a bar shi ya hau ko zuwa bakin titi ne. Kakarsa ce ta kira shi ta ce, "Kai ɗan Zuru ne ko baƙo? A garin nan saurayi shekara bakwai yake noman Golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata, ba a taɓa cewa ya yi asara ba. Kai wata huɗu ne ya gagare ka?" Sai ya share hawaye, ta miƙa masa ƙwaryar ruwa ta ce ya kai wa dokinsa.

Tun daga ranar shi ke kai harawa, shi ke share barga, shi ke jan sa da ragama safe da yamma ba sirdi. Ni kuma nawa jiƙa dusa da tuna lokaci. Da wata biyu ya cika gashi ya kwanta ya fara sheƙi. Da aka shiga na huɗu Baba ya sake ɗora hannu a bayansa, ya yi murmushi ya ce a kawo sirdi, amma tafiya kawai, ba sukuwa. Da wata Sallar ta zagayo kuwa, da kyar na gane dokin nan cikin dawaki, yaron yana bisa, yana jin muryarsa tun kafin ya ja linzami.

'Yar uwa, mu mata bai kamata a koya mana wannan ba. Mu ne muka san mai jego sai ta yi arba'in ana ba ta kunun kanwa kafin a ce ta ɗauki taɓarya, mu ne muka san wanda ya tashi daga ciwo da kunu ake fara masa ba da tuwo ba. To duk ranar da aka shigo miki gida da ramammiyar dabba, doki ne ko jaki ko san noma, aka ce gobe za a sa ta aiki, ki nemi lokacin da maigida ya natsu, ki tausasa murya, ki kamo hannunsa ki ɗora a bayanta. Kuɗin da ya biya sun ba shi ikon mallaka, amma ikon hawa sai ya biya shi da harawa da haƙuri.

Allah ya ba mu tausayin abin da ke ƙarƙashinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, waɗanda aka raba da gidajensu Allah ya mayar da su, amin.

Taku har kullum.