Mazan Jiya da Haƙƙinsu: Tsofaffin Sojojin Afirka ta Yamma Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Gabatarwa

A ranar 15 ga watan Janairu na kowace shekara shugabannin Nijeriya sukan hallara a Abuja da manyan biranen jihohi, a yi fareti, a busa bigila, a ajiye furanni, a saki fararen tantabaru, domin tunawa da mazan jiya. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin wannan al'ada, sa'an nan a auna ta da abin da ya fi ta nauyi a wurin tsohon soja, wato albashin da aka riƙe masa, da kuɗin sallama, da fansho. Abin da tarihi ya nuna shi ne hukumomi sun fi hanzarin shirya bikin tunawa a kan biyan bashi, kuma kusan duk abin da tsofaffin sojoji suka samu sai da suka haɗa kai suka neme shi.

Asalin rundunar da tafiyarta Bama

Tun a shekarar 1863 wani hafsan Ingilishi mai suna John Glover ya kafa ƙaramar rundunar 'yan sanda masu bindiga a Legas, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover. A shekarar 1897 aka ɗora wa Lugard aikin haɗa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, kuma har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya, ko da yake sojojin sun fito daga ƙabilu masu yawa.

Da yaƙin Hitila ya ɓarke a 1939, sai Ingilishi suka shiga ɗibar soja ta hannun sarakuna da hakimai, har 'yan Nijeriya fiye da 100,000 suka sa kaki. A watan Fabrairu na 1941 birgediyar Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, aka tura su Indiya, daga nan suka shiga ƙasar Bama domin yaƙar Japan. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, cikin ƙungurmin daji da ruwan sama da zazzaɓi, inda mota ba ta shiga, sai dai sojoji 'yan dako su ɗauki harsashi da abinci a ka. A watan Janairu na 1945 suka ci garin Myohaung.

Dawowa gida

Kafin tafiya an yi wa sojojin alkawura na aiki da kuɗi da daraja, alkawari kuwa kaya ne. Amma tun a lissafin kuɗin sallama aka nuna bambanci. Wasu takardun gwamnatin Ingila na 1945, waɗanda 'yan jarida suka fito da su a 2019, sun nuna cewa a rundunonin Afirka ta Gabas farabiti Bature yana samun sule goma a kan kowane wata da ya yi yana aiki, farabiti baƙar fata kuwa sule uku da sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

A Nijeriya gwamnati ta yi dokar sama wa tsofaffin sojoji aiki a 1945, aka kuma kafa ƙungiyar kula da jin daɗinsu a 1946. Waɗansu sun samu shiga 'yan doka na En'e, waɗansu suka zama masinjoji da direbobi da masu gadi, masu yawa kuwa suka koma gona. To amma guraben aiki ba su kai yawan masu nema ba, saboda haka aka riƙa ganin mutumin da ya ƙetare teku ya dawo da lambobin girma a ƙirji yana zaryar ofishin leba. Abin da ya fi riƙe irin waɗannan shi ne dangi da 'yan'uwansu sojoji, waɗanda ke nema wa juna aiki, suna yin karo-karo idan rashin lafiya ko rasuwa ta auku.

Thiaroye da Akra

Wurare biyu ne suka fi bayyana yadda Turawa suka ɗauki mai neman haƙƙinsa. Na farko yana ɓangaren Faransa, wadda ita ma ta ɗebi soja daga ƙasashen da take mulka, har da Nijar. A watan Nuwamba na 1944 aka sauke sojoji kimanin 1,300 a Dakar, waɗanda suka sha zaman fursuna a hannun Jamus, aka ajiye su a sansanin Thiaroye. Suka ce ba za su watse ba sai an biya su albashin shekarun da suka yi a tsare. Da safiyar 1 ga watan Disamba aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, amma masana tarihi da dama suna ganin adadin ya kai ɗaruruwa. Waɗanda suka tsira kuma aka gurfanar da waɗansunsu a kotun soja bisa tuhumar tawaye. Sai a 2014 Shugaba Hollande ya ambaci aƙalla mutum 70, kuma sai a 2024, bayan shekara tamanin, Shugaba Macron ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

Na biyu ya faru a Gwalkwas, wato Ghana ta yau. A ranar 28 ga watan Fabrairu na 1948 ƙungiyar tsofaffin sojoji ta yi jerin gwano a Akra domin miƙa wa Gwamna takardar koke a kan fansho da rashin aiki. 'Yan sanda suka tare su a hanyar fadar Christiansborg, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Gari ya yamutse na kwanaki, mutum 29 suka rasa rayukansu, aka tsare Kwame Nkrumah da abokansa biyar. Hukumar bincike ta Watson da aka naɗa ta ba da shawarar sake tsarin mulki, kuma hanyar da aka buɗe a lokacin ita ta kai ƙasar ga 'yanci a 1957.

Fanshon da aka daskarar

Samun 'yancin kai bai warware matsalar ba. A watan Disamba na 1959 majalisar Faransa ta yi doka ta tsayar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da za su samu mulkin kai a kan adadin da yake a lokacin. Na Bafaranshe yana ƙaruwa gwargwadon tsadar rayuwa, na ɗan Nijar ko Chadi ko Mali yana nan inda aka bar shi. Ya zuwa 2006, naƙasasshen soja Bafaranshe yana karɓar kimanin Yuro 690 a wata, ɗan Senegal 230, ɗan Kamaru 104, alhali a rami ɗaya suka kwanta.

Wannan karon da takarda da lauya aka yi yaƙin. Tsofaffin sojojin Senegal su 743 suka kai ƙara gaban kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya yanke a 1989 cewa an nuna musu wariya. Faransa ba ta gyara ba. Wani tsohon saje, Amadou Diop, ya shigar da tasa ƙarar a kotunan Faransa, kuma a watan Nuwamba na 2001 babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati ta ba shi gaskiya, amma ya riga ya rasu. Bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2010 aka daidaita fanshon gaba ɗaya daga Janairun 2011, lokacin da akasarin masu haƙƙin sun daɗe a ƙasa.

Al'adar tunawa

A zamanin Turawa ranar 11 ga watan Nuwamba ake bikin tunawa, ranar da aka tsagaita wuta a 1918. Daga baya Nijeriya ta mayar da shi 15 ga watan Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Akwai kuma wata tunawa da mutane ke wucewa ta gabanta kullum ba su lura ba, wato sunayen barikoki: Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet a Kaduna, duk sunayen wurare ne a Bama, barikin Chindit na Zariya kuwa sunan rundunar da bataliyoyin Nijeriya suka yi aiki da ita ne a 1944.

Ita kanta tunawar ba ta tsira daga wariya ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba kamar yadda aka rubuta na Turawa, har gwamnatin Ingila ta nemi afuwa.

Kammalawa

Nijeriya ta kafa ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa da doka a 1964, kuma ita ake tara wa gudummawa ta hanyar sayar da bajo kafin bikin Janairu. A shekarar 2000 gwamnatin Obasanjo ta mayar da korar sojojin da suka yi wa Biyafara yaƙi zuwa ritaya. Duk da haka, a Janairun 2025 sai da tsofaffin sojoji suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman kuɗaɗensu, kwanaki kaɗan kafin a ajiye furanni.

Darasin ya shafi ɗalibi da ma'aikaci baki ɗaya. Fansho ladan aiki ne da aka jinkirta biyansa, don haka bashi ne a wuyan hukuma, kuma jinkiri a kan tsoho daidai yake da hanawa. Abubuwa uku ne suka tsare shi a tarihin da aka bayyana: ƙungiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ajiyar takardu, domin da littafin sallama ake kafa hujja, da kuma kotu mai iya faɗa wa gwamnati gaskiya. Akawun da fayil ɗin tsohon soja ya kwana a teburinsa ya kamata ya tuna cewa wata rana nasa fayil ɗin zai kwana a teburin wani.