Yadda Magana Jari Ce Ya Zama Littafin Koyon Karatu

A shekarar 1909 ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Yara suka koyi baƙaƙe da wasula, amma abin karantawa ya yi ƙaranci. Littattafan da Hukumar Fassara ta riƙa fitarwa daga baya yawancinsu na darasi ne, an juyo su daga Turanci ko Larabci. Yaro kan karanta su ne don tsoron malami.

Dakta Rupert East, shugaban hukumar a Zariya, ya lura cewa karatu ba ya zama a bakin ɗalibi sai in yana ɗokin jin abin da ke shafi na gaba. Saboda haka a 1933 ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

A 1936 aka aro Imam daga Makarantar Midil ta Katsina, ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka fara bugawa a 1937. Ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Indiya da na Turai, ya sa musu sunaye da garuruwa da al'adun Hausawa, ya ƙawata su da karin magana da barkwanci.

Dabarar tana cikin ginin littafin. A littafi na ɗaya, aku ne ke ba Musa ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita daga gida. Yadda aku ke riƙe Musa, haka littafin ke riƙe ɗalibi. Kowane labari gajere ne, ya isa darasi guda, kuma kafin yaro ya ankara ya tsinci sababbin kalmomi da ƙa'idojin rubutu. A littafi na uku ma, aku yana koya wa ɗansa Fasih yadda ake tsara labari.

Imam ya rasu a 1981, amma masu nazarin Hausa a Nijeriya da Nijar ba su daina karanta littafin ba. Abin da malami zai ɗauka a nan shi ne, a fara jawo hankalin ɗalibi da labari, nahawu ya biyo baya.