Dawaki Biyu da Sarki Tilo: Laifin Doki ne ko na Doka?

Mutumin Daura da ya saba ganin mahaya suna jahi a ƙofar fada ranar hawan Sallah, da wuya ya yarda cewa dawaki biyu za su kasa kama mutum guda da ke tafe a ƙasa. A allon shaɗaranji kuwa haka abin yake. Idan ɗan wasa ya rage da sarki da dawaki biyu, abokin karawarsa kuma da sarki kaɗai, babu yadda za a yi ya tilasta masa mutuwa. Ana iya jera zaman da sarkin ya mutu a lungu, amma sai mai shi ya yi ganganci ya kai kansa. A ganina, gazawar ba daga dawakin take ba, daga dokokin wasan take.

Kora sarki zuwa lungu ba wuya. Matsalar tana zuwa a takin ƙarshe: dokin da zai yi kisan yana bukatar taku biyu, da zarar ya yi na farko sai sarkin ya rasa gidan da zai matsa alhali ba a kai masa hari ba. Dokar yau ta ce canjaras ke nan. Doki kuma ba ya iya jan ƙafa ya ɓata taku guda, domin duk tsallen da ya yi sai ya sauya launin gida.

Abin mamakin shi ne, in mai sarki tilon yana da ɗan dakare guda, sai dakaren ya zame masa alaƙaƙai. Doki ɗaya ya tare gaban dakaren, sarki da ɗaya dokin su kora abokin gaba lungu, sannan a saki dakaren. Tunda yanzu akwai abin motsawa, canjaras ta kau, dokin da ya yi gadi ya sheƙo ya gama aiki. Masanin Rasha Alekse Turoyitski (1866–1942) ne ya tantance iyakar da dole a tsayar da dakaren kafin ya wuce ta: gidajen a4, b6, c5, d4, e4, f5, g6, h4 idan dakaren baƙi ne. Ko Anatoli Karfof, tsohon zakaran duniya, a irin wannan ƙarshen wasa Beselin Tofalof ya kayar da shi a Monako a 2000.

Nan ma doka ta sake shigowa. Lissafin kwamfuta ya nuna akwai zaman da sai an yi taku 115 kafin kisa, hukumar shaɗaranji ta duniya, FIDE, kuwa ta ba da damar neman canjaras in an yi taku 50 ba ci, ba motsin dakare. Nasarar tana nan a lissafi, alƙali ya hana ta.

A shaɗaranjin Bagadaza na zamanin gwanin wasa al-Suli, a ƙarni na 10, tambayar ma ba ta tasowa, don wanda ya tsiraita sarkin abokinsa daga mayaƙa ya riga ya ci. Tsallen doki bai sauya ba tun daga lokacin. Masu rubuta doka ne suka ƙwace masa wannan nasarar, kuma ban ga laifinsu ba: ba don canjaras ba, da wanda aka fi ƙarfi ba shi da dalilin ci gaba da zama gaban allo.