Ceres: Dutsen Da Ya Ɓace, Lissafi Ya Dawo Da Shi

A wannan makon za mu leƙa tarihin wani ƙaton dutse da ke yawo a sararin samaniya tsakanin duniyar Mas da ta Jupita, yankin da yanzu muka san cike yake da irin waɗannan duwatsu. Sunansa Ceres, shi ne na farko da aka gano, kuma shi ne babbansu, faɗinsa kusan kilomita 940.

A daren 1 ga Janairu, 1801, Giuseppe Piazzi, limamin Katolika kuma masanin taurari, yana ɗakin binciken taurari na birnin Palermo a tsibirin Sisili yana aikin ƙidayar taurari, sai ya hango wani ɗan haske. Washegari ya ga ya gusa daga inda yake. Taurari kuwa ba sa sauya wuri a tsakanin junansu haka. Ya ci gaba da binsa yana rubuta matsayinsa har sau 24, zuwa 11 ga Fabrairu, lokacin da rashin lafiya ta tsayar da shi. A wasiƙun da ya aika wa abokan aikinsa ya ce tauraro mai wutsiya ne, alhali a ransa yana zargin ya fi haka.

Kafin labarin ya gama zagaya Turai, dutsen ya shige cikin hasken rana. Da lokacin sake fitowarsa ya yi, babu wanda ya san inda zai nufa da madubin hangen nesa, domin kwana 41 kacal Piazzi ya bi shi, a tafiyar da ke cin fiye da shekara huɗu. Masana suka yi ta lalube.

A nan ne wani matashi Bajamushe ɗan shekara 24, Carl Friedrich Gauss, ya ɗauki alƙaluman Piazzi ya ƙirƙiro hanyar lissafa falakin abu daga 'yan bayanai kaɗan, ya faɗi inda za a duba. A watan Disamba na 1801 Franz von Zach ya same shi kusa da wurin, Heinrich Olbers ma ya gan shi a farkon Janairun 1802. Yawanci Gauss ake yabo, kuma ya cancanta, amma mu a ganinmu ana tauye wa Piazzi haƙƙi. Da bai tsaya ya rubuta abin da ya gani daki-daki ba, da Gauss bai sami abin lissafawa ba. Mu da kan ce wai za mu riƙe labari a ka har sai mun sami sukuni, sai mu duba nan.

Falakin da aka tabbatar ya nuna Ceres na nesa da rana da kimanin kilomita miliyan 414, yana kammala zagaye ɗaya cikin shekara 4 da wajen wata 7.

Batun suna shi ma ya sha ja-in-ja. Piazzi ya raɗa masa Cerere Ferdinandea: rabin farko sunan gunkiyar noma ta tsoffin Rumawa da ake dangantawa da Sisili, rabin biyu kuma don girmama Sarki Ferdinand mai mulkin tsibirin. Wasu a Jamus suka fi son Hera ko Juno. Piazzi ya dage cewa wanda ya gano shi ke da ikon raɗa suna, aka bar masa Ceres. Sunan sarkin dai sauran ƙasashe ba su karɓe shi ba, aka yar.

Matsayinsa ma bai zauna wuri ɗaya ba. Da farko an lissafa shi cikin duniyoyi, da irinsa suka yawaita a tsakiyar ƙarni na 19 aka mayar da shi sahun duwatsun sararin samaniya, a 2006 kuma Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta sa shi cikin ƙananan duniyoyi. Kumbon Dawn na hukumar NASA ya isa gare shi a watan Maris na 2015.