Albarka da Kwara: Ƙananan Jiragen da Suka Juya Ƙofar Ƙasar Hausa

Ruwan saman da ya sauka a kan duwatsun Abuja ba a nan yake kwana ba. Yakan gangara cikin Usuma, Usuma ta miƙa shi ga Gurara, ita kuwa Gurara ta juye shi cikin Kwara, arewa da Lakwaja, inda Binuwai ke jira. Ke nan mazaunin babban birnin tarayya, mai ɗaukar kansa mutumin tudu, kimanin kilomita 200 ne kawai tsakaninsa da mahaɗar manyan kogunan nan biyu. Wannan muƙala za ta waiwayi wasu 'yan ƙananan jiragen tururi da suka hauro kogunan a ƙarni na 19, da garuruwan gaɓa da suka yada zango a cikinsu, domin a ganina a nan ne ƙofar ƙasar Hausa ta fara juyawa daga arewa zuwa kudu.

Shekaru aru-aru, baƙon kaya da baƙon ilmi ta hamada suke shigo mana, a kan raƙuma, daga Tarabulus da Gadamas da Agadas zuwa Katsina da Kano. Su kansu Turawan farko, irin su Clapperton a 1824 da Barth a 1851, wannan hanya suka biyo. Lamarin ya soma sauyawa a 1830, lokacin da Richard Lander da ƙanensa John suka shiga kwale-kwale a yankin Busa, suka bi ruwa har ya kai su teku. Daga ranar 'yan kasuwar Ingila suka gane cewa akwai hanyar shiga tsakiyar ƙasar nan wadda ba ta bukatar madugu ko jaji.

A 1832 wani attajiri mai suna Macgregor Laird ya taso daga Libaful da jirage biyu na tururi. Abin da ya kamata ɗalibin Hausa ya lura da shi shi ne sunayensu: babban ana ce masa Quorra, wato Kwara, ƙaramin kuwa, wanda aka ƙera da ƙarfe, Alburkah, wato Albarka. Ba abin mamaki ba ne, domin jagoran tafiyar shi ne Lander, wanda ya yi wa Clapperton hidima har rasuwarsa a Sakkwato a 1827, ya kuma tsinci Hausa a can. Sai dai sunan bai bi jirgin ba. Cikin Turawa 48 da suka taso, 9 ne kacal suka tsira da rayukansu. Duk da haka Albarka ya kai Raba a ƙasar Nufe a 1833, shi kuma Laird ya taka har birnin Panda na Igbira, wanda kufansa ke cikin Jihar Nasarawa ta yau, kudu da Abuja. Ayarin gwamnatin Ingila na 1841, mai jirage uku, shi ma zazzaɓi ne ya kore shi. Ribar da aka ci a wannan karo ta harshe ce: cikin matafiyan akwai J. F. Schön, wanda ya buga littafinsa na kalmomin Hausa a 1843.

Tafiyar da ta canza lissafi ita ce ta 1854, a cikin wani jirgi guda mai suna Pleiad. An shirya ta ne don a bincika Binuwai, wanda Barth ya ƙetare a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Yola, a kuma nemo labarin shi Barth ɗin. Wanda aka naɗa shugaba, John Beecroft, ya mutu kafin a tashi, sai ragama ta faɗa hannun wani matashin likitan sojan ruwa, William Balfour Baikie. Jirgin ya shiga bakin kogi a watan Yuli, ɗauke da Turawa 12 da 'yan Afirka 54, cikinsu har da Samuel Ajayi Crowther. Baikie ya ɗora wa Turawan dokar shan kwinin kullum, tun kafin zazzaɓi ya kama mutum, ba sai ya kwanta ba. Bayan kusan wata huɗu a cikin kogi suka fito ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Kada mai karatu ya zaci tafiyar shaƙatawa ce. Tukunyar jirgin itace take ci, don haka rabin aikin ma'aikatan sarar itace ne a gaɓa, sau da yawa ɗanye, wanda ba ya ba da wuta. Ga yashi mai kama jirgi, ga fargabar janyewar ruwa da zarar damina ta ja baya. A Umaisha suka tarar da mutanen Panda suna gudun hijira, domin mayaƙan Fulani sun ci birnin da Laird ya gani shekara ashirin da suka wuce. Suka wuce ƙasar Jukun, suka kai yankin Muri, inda Baikie ya bar jirgi ya hau tudu ya gai da Sarki a Hamarruwa. A mashaya da dama da Hausa aka yi ciniki, da ita aka nemi iso wurin sarakuna, alhali ba ƙasar Hausa ba ce. Fatake masu neman hauren giwa sun riga jirgin isa can da daɗewa, kuma harshensu ne ya share masa hanya.

Baikie ya komo a 1857 cikin jirgin Dayspring, wanda ya daki dutse ya farfashe kusa da Jebba. Maimakon ya koma gida, sai ya zauna, daga bisani ya kafa zango a Lakwaja da yardar Etsu Masaba na Bida. Ya buɗe kasuwa, ya yi magani, ya yi shari'a, ya fassara Zabura zuwa Hausa, ya kuma yi tattaki har Kano a 1862. Ya mutu a Saliyo a 1864 kan hanyarsa ta komawa gida. Ana yawan yabon halinsa, ni ma ban ga dalilin musa wannan ba. Amma tilas a faɗa cewa ƙwayar kwinin da ta ceci matuƙansa ita ce ta buɗe kogin ga jiragen da suka biyo baya, waɗanda ba gishiri da yadi kaɗai suka ɗauko ba, har da igwa.

Bayan an ba Kamfanin Neja izinin mulki a 1886, garuruwan gaɓa suka bunƙasa. Ibi ta zama babbar tasha a Binuwai. Loko ta zama mashigar masu nufin Nasarawa da Keffi da Zariya. Ta nan ne Bajamushen nan Paul Staudinger ya hau tudu a 1885 ya nufi Kano da Sakkwato. A Lakwaja kuwa, ranar 1 ga Janairu 1900, aka sauke tutar kamfani, Lugga ya ɗaga ta Ingila. Garin da aka kafa don ciniki sai ya koma wurin ajiye sarakunan da aka tuɓe. Can aka kai Sarkin Zazzau Kwasau, da Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a 1926, da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda duk mai nazarin rubutacciyar waƙar Hausa ya san matsayinsa. Kaburburansu na nan a garin, kuma ina shakkar ko ɗaya cikin goma na ɗalibanmu da ke bin hanyar ya taɓa ratsewa ya yi musu addu'a.

Baro ce ta ga ɗaukaka mafi sauri da faɗuwa mafi sauri. Daga nan aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a 1907, jiragen ruwa na sauke ƙarafan dogo a gaɓarta, har layin ya isa Kano a 1911. Amma da aka haɗa shi da layin Ikko a Minna, aka kuma gama gadar Jebba a 1916, sai gyaɗa da fatu suka riƙa wucewa kai tsaye zuwa teku, Baro ta zama reshe. Motocin kaya suka zo suka ƙarasa abin da dogo ya fara. An yi yunƙurin farfaɗowa: Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro a 2009, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar Baro a Janairun 2019, amma shekaru suka shuɗe bayan bukin ba a ga jiragen kaya suna zirga-zirga ba.

Matafiyi daga Abuja yakan ratsa Gwagwalada da Kwali da Abaji, ya haye Kwara ta gadar Murtala a Jamata cikin 'yan mintoci, galibi ma yana gyangyaɗi. Sai a 2012, da kuma 2022, da ruwa ya cika ya shafe hanyar a wajejen Koton Ƙarfe da Lakwaja, tankokin mai suka yi cirko-cirko kwana da kwanaki, layin motoci ya miƙe a gidajen man Abuja, fasinjoji kuwa suka sauko da jakunkunansu a ka, suna ciniki da masu kwale-kwale.