Tsirkiya Biyun da Ukulele Ta Rasa

A tsibiran Hawai akwai kayan kiɗa biyu da duniya ke ɗauka 'yan asalin can ne, alhali dukansu baƙi ne da jirgin ruwa ya sauke. Ɗaya jita ce da ake sassauta wa tsirkiya, salon da 'yan ƙasa ke kira ki ho'alu, Turawa kuma slack key. Ɗayar ita ce ukulele, 'yar ƙaramar nan mai tsirkiya huɗu da zaƙin murya. Fiye da shekara ɗari ana kaɗa su a taro ɗaya, amma kowacce da nata aikin. Sai a baya-bayan nan maƙera kayan kiɗa suka fito da wata mai jikin ukulele da tsirkiya shida irin na jita, wadda ake iya ɗora ki ho'alu a kanta. Wasu na yi mata kallon abin wasan yara. Ni ina ganin sun yi gaggawar yanke hukunci, domin wata tsohuwar matsala ce ta haife ta.

Labarin jitar da shanu ya fara. A 1793 wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila, George Vancouver, ya kawo wa Sarki Kamehameha na Ɗaya kyautar shanu. Sarki ya hana a taɓa su don su yaɗu, suka kuwa yaɗu har suka zama annoba, suna cinye gonaki suna bin mutane da ƙaho. Wajajen 1832 Kamehameha na Uku ya sa aka ɗauko makiyaya mahaya dawaki daga Kalifoniya, wadda a lokacin ƙarƙashin Meziko take, don su koya wa mutanensa kiwo da igiya. Abin da ake faɗa kaka da kakanni shi ne waɗannan baƙi sun zo da jitocinsu, suna kaɗawa da dare bayan an tashi aiki. Da suka koma gida suka bar wasu a hannun makiyayan Hawai, waɗanda ake kira paniolo. Su kuma suka saita tsirkiyoyin yadda kunnensu ya so. Suka sassauta wasu har ya zama ko ba a danna komai ba, idan aka shafa shidan gaba ɗaya sauti mai jituwa ne ke fita.

Saitin da ya fi shahara shi ne Taro Patch: a sassauta tsirkiya ta shida da ta biyar da ta farko, a samu D-G-D-G-B-D. Akwai dangin Wahine, akwai Mauna Loa, akwai wasu da dama. Amma saitin hanya ce kawai, aikin yana hannun dama. Babban yatsa yana kai-komo a kan tsirkiyoyi masu kauri, yana riƙe da gindin kiɗan ba ya tsayawa, sauran yatsu kuma suna fitar da karin waƙar a kan sirara. Mutum ɗaya ne, amma sai ka ji kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. Wanda ya cire aikin babban yatsa ya cire ki ho'alu ɗin dungurungum.

Ukulele daga baya ta zo. A watan Agusta na 1879 jirgin Ravenscrag ya iso Honolulu ɗauke da mutum sama da 400 daga tsibirin Madera na Fotugal, waɗanda aka ɗauko aikin gonakin rake. A cikinsu akwai kafintoci uku: Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo. Da kwantiraginsu ya ƙare suka buɗe shaguna a Honolulu suna ƙera kayan kiɗan garinsu da itacen koa na Hawai. Daga gida sun san machete mai tsirkiya huɗu, sun san rajão mai biyar wadda ta fi ta girma. Ukulele ta ɗauki ƙaramin jikin machete, ta ɗauki saitin tsirkiyoyi huɗu na rajão, wato G-C-E-A, ta bar ta biyar. Sarki Kalakaua ya ƙaunace ta, ya shigar da ita fada, ta shiga kiɗan rawar hula. Bayan baje kolin San Faransisko na 1915 Amurkawa suka rungume ta, a 1916 kuma Samuel Kamaka ya kafa masana'antar da iyalinsa ke riƙe da ita har yau.

Ga inda matsalar take. A saitin gargajiya na ukulele, tsirkiyar da ke kusa da babban yatsa ba mai kauri ba ce, siririya ce mai kaifin murya. Wannan shi ne ke ba ukulele zaƙinta idan ana shafa ta da sauri, amma ya bar babban yatsa ba wurin zama. Ga kuma abin mamaki: idan ka sassauta tsirkiyar farko ta ukulele daga A zuwa G, za ka samu G-C-E-G, wanda, ban da kaifin G ɗin da ke kusa da babban yatsa, tazararsa daidai take da ta sirara huɗun Taro Patch. Wato rabin ki ho'alu na kwance a jikin ukulele tun fil azal. Saman yana nan, gindin ne babu.

A shekarun da ukulele ke yawon duniya, ki ho'alu na ɓoye a bayan gida. An hamɓarar da Sarauniya Lili'uokalani a 1893, a 1896 aka mai da Turanci harshen koyarwa a makarantu, a 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. Abin da ya rage wa mutane sai suka riƙe shi gam. Saiti ya zama sirrin gida, ba a nuna wa bare, har ana ba da labarin dattijon da zai juya baya in zai saita jitarsa, ko ya warware tsirkiyoyin in ya gama don kada wani ya ɗauka ya gane. Ba na ganin laifinsu, mutanen da aka ƙwace wa ƙasa da harshe suna da dalilin rowa. Sai dai rowar ta kusa kashe abin da ake karewa, domin tsoho kan rasu da saitinsa.

Makaɗi Gabby Pahinui ne ya fito da ki ho'alu fili, da ya naɗi waƙar Hi'ilawe a faifai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Leonard Kwan ya fitar da kundi na kiɗan zalla a 1960, Keola Beamer kuma ya wallafa littafin koyarwa a 1973, abin da a da ba za a yi tunaninsa ba. Gabby ɗin nan ya yi shekaru tare da Eddie Kamae, gwanin ukulele, a ƙungiyar Sons of Hawaii, kuma Kamae na cikin waɗanda suka nuna cewa ukulele na iya fitar da karin waƙa da kanta, ba rakiya kawai ba. Daga nan buƙatar ta fara bayyana. Makaɗin da ya iya fitar da kari zai so gindi a ƙarƙashinsa.

An yi ta gwaji. Wasu, irin su Herb Ohta, suka canza siririyar G da mai kauri, ukulele ta sami ɗan zurfi. Akwai babbar ukulele da ake kira baritone, mai saitin D-G-B-E, wadda sassauta tsirkiya ɗaya ke mai da ita Taro Patch, amma ita ma huɗu ce. A 1959 masana'antar Kamaka ta fitar da mai tsirkiya shida da ta sa wa suna Lili'u, sai dai wannan ninki aka yi wa biyu daga cikin huɗun, sautin ya cika, babban yatsa bai ƙaru da komai ba. Ledward Kaapana, mutumin Kalapana da ya ƙware a jita da ukulele duka, ya nuna cewa gwani na iya yaudarar kunne da tsirkiya huɗu har a ji kamar akwai gindi. Amma ba kowa ne Kaapana ba.

Mafitar da ta fi sauƙi daga Japan ta zo, kuma ba don ki ho'alu aka yi ta ba. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Yamaha ya fitar da Guitalele: jikin ukulele mai girman tenor, tsawon tsirkiya inci 17 maimakon kusan 25 da rabi na jita, da tsirkiyoyi shida masu saitin A-D-G-C-E-A. Sirara huɗun na ukulele ne, masu kauri biyun kuma na jita ne da aka ɗaga. Wanda ya iya ki ho'alu yana ganinta ya san abin yi. Ya sassauta ukun nan da ya saba, ya samu G-C-G-C-E-G, yatsunsa su bi hanyar da suka sani ba tare da koyon komai sabo ba. Maƙeran Hawai suka ɗauki abin da muhimmanci: KoAloha ta ƙera D-VI tare da makaɗi Daniel Ho, Kanile'a ma ta yi tata, da koa da aikin hannu, ba don yara ba.

Ƙera ta ba ƙara maɗauri biyu ba ne kawai. Tsirkiya gajera in an sassauta ta sai ta yi laushi, ta riƙa kaɗawa tana taɓa wuya, sautinta ya karkace da an ɗan danna da ƙarfi. Dole a zaɓi masu kauri da nauyi don su tsaya. Dole a faɗaɗa wuya yadda yatsu za su sami wuri, amma in ya yi faɗi da yawa an koma jita. Fuskar akwatin kuma tana ɗauke da jan tsirkiya shida, to sai an ƙarfafa ta daga ciki, kuma in ƙarfin ya yi yawa muryar ta shaƙe. Kowane maƙeri da inda yake tsayar da ma'auninsa, shi ya sa biyu ba sa amo iri ɗaya.

Akwai abin da ba za ta taɓa bayarwa ba. Ƙaramin akwati ba ya riƙe sauti mai zurfi ya daɗe, kuma daɗewar nan, yadda mai kauri ke ci gaba da amo bayan yatsa ya wuce, ita ce ke sa kiɗan gwanayen ki ho'alu irin su Raymond Kane ko Sonny Chillingworth ya kwantar da rai. Wanda ke neman wannan ya nemi jita. Amma idan jita da mai shidan suka haɗu, ɗaya na ƙasa ɗaya na sama, ba sa cin karo. Kuma yaro ko dattijuwar da hannunta ba ya kai wa wuyan jita, ko ɗimbin masu ukulele a Japan da Amurka da ba su taɓa tunanin ki ho'alu nasu ne ba, yanzu suna iya koyon aikin babban yatsa tun daga darasin farko, maimakon su koyi rabin salon su tsaya.